Tafiyar Iya Zuwa Gusau

Da Inno mai nono ta san abin da labarinta zai jawo wa tsohuwar nan, da ta haɗiye shi, ta auna nononta ta wuce. Amma ba ta sani ba. Da alheri ta shigo gidan Labbo, ranar wata Alhamis cikin girbin shekarar 1998, a wani ƙauye da ke bayan Karakkai ta ƙasar Bungudu.

Iya, mahaifiyar Labbo, tana zaune a bakin ɗakinta tana ɓarar gyaɗa. Aikinta ke nan tun da yanar ido ta rufe mata gani shekara uku da suka wuce. Ba duhu take gani ba, fari take gani, kamar an zuba mata madara a ido ta ƙi fita.

Inno ta sauke ƙwaryarta, ta kama hannun Iya ta ɗora a fuskarta. "Taɓa nan ki jiya."

"Mi ne ne wanga, kamar gindin kwalba?"

"Tabarau ne. Bara ni ma haka nike kamar ke, har shanuna ban ganewa. Likitocin ido sunka zo Gusau, anka yi min aiki kyauta. To sun dawo, Iya. Suna nan har ranar Talata. Allura guda ce gefen ido, su cire yanar, su ɗaure maki. In an kwance sai ki ga duniya."

Iya ta riƙe tabaran nan ba ta saki ba. "Har layin Alƙur'ani kina gani?"

"Ban iya karatu ba, amma ina ganin ƙwarƙwata kan jikata."

Suka yi dariya. Inno ta ɗauki ƙwaryarta, ta ce sai Alhamis mai zuwa, don sau ɗaya take biyowa ƙauyen a mako. Ta bar Iya da kwana biyar a hannu da kuma matsala guda.

Labbo ɗan fari ne. Shekara hamsin Iya ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa tsayar da shi ta ce ga abin da take so ba. Haka ta ga uwarta ta yi, haka ita ma ta yi. In ya gaishe ta da safe daga bakin ƙofa, sai ta kau da kai ta ce lahiya lau. Abin da duk take bukata wurinsa sai ta bi ta bakin wani. A gidan kuwa bakuna biyu ne kawai: na Asabe matarsa, da na Bashiru, babban ɗansu.

Gidan Labbo gida ne da ba a jituwa a cikinsa. Asabe na ganin mijinta ba shi da zuciyar nema, Labbo na ganin ɗansa ya ƙi gona, Bashiru na ganin su duka 'yan ƙauye ne. Tun safe ake musu har a kwanta. Abu guda ne ke haɗa kansu, shi ne yi wa Iya dariya. Akwai igiya da Iya ta sa aka ɗaura mata daga ƙofarta zuwa makewayi. Sai Bashiru ya kwance bakin igiyar ya mayar turken awaki, ta bi ta faɗa kan bunsuru, gida ya ɗauka da dariya. Ya zuba mata gishiri a koko. Ya sa mata tsakuwa cikin gyaɗa, ta yi ta matsawa. Ya iya kwaikwayon murya kamar aljani, yakan tsaya bayanta ya yi muryar liman ko ta ubansa, ta gyara lulluɓi tana gaisuwa.

In ta yi ƙorafi sai a ce, "Haba Iya, wasan jika da kaka ne." Ita ma sai ta yi murmushi, don gaskiya ne ta yi masa wasa yana ƙarami, tana ce masa mijinta marowaci. Sai dai a lokacin tana ganinsa, shi ma yana ganinta.

Ta fara da Asabe, tana jin ƙarar tankaɗenta.

"Asabe, ki faɗa wa maigidan nan, an ce likitocin ido sun zo Gusau."

"Na jiya. Bahillatar nan ba ta da aiki sai zuga mutane. In an kwantar da ke, wa zai zauna da ke? Ni? In bar wa wa tukunya? Ga gyaɗa buhu shidda ba a ɓare ba."

"Kwana biyu ne anka ce."

"Ki gode Allah kina ci kina sha, Iya. Mi ya rage da ba ki gani ba a duniya?"

Duk da haka da Labbo ya dawo daga gona Asabe ta faɗa masa, cikin shaƙiyanci, da ƙarfi yadda Iya za ta ji. Iya ta daina ɓara ta saurara. Ta ji ya ajiye lauje, ya ja numfashi.

"Yanzu cikin girbin ga? Gero na ƙasa, tsuntsu na ci. Kuma ido ba abin wasa ba ne. Akwai wani mutumin Tsafe da anka taɓa mashi, idon ya tsiyaye gaba ɗaya. Tsuhwa ne, ba ciwo ba ne. Bari dai mu gani."

Iya ta san wannan bari mu gani. Da shi rufin ɗakinta ya shekara biyu yana yoyo.

Da safiyar Juma'a ta kira Bashiru. Ta kwance bakin zanenta ta ba shi goro guda da ta ɓoye.

"Mijin, zo nan. Yau ba wasa nike ba."

"Amaryata ta kaina! Saki kike so?"

"Ka roƙar min babanka. Kai yana jin nauyinka ko bai nuna ba. Ka ce ya kai ni Gusau kahin Talata. In na gani, ni zan ɗebo ruwana, in wanke kayana, in rage ma uwarka wahala. Kuma ina son in ga huskarka. Sun ce ka yi gemu."

Bashiru bai mayar mata da wasa ba. Iya ta ɗauka maganar ta shige shi. Ta shige shi kuwa, amma ba ta inda take zato ba.

Bashiru yana cikin wata ƙungiyar samari a Gusau masu shirya wasan barkwanci a kaset ɗin bidiyo. Wasansu kullum a kan wani gidan ƙauye ne da kowa a cikinsa ba shi da kan gado, shi kuma yake fitowa a makauniyar tsohuwa, da wani zanen Iya da ya sace. Kwanan baya shugabansu ya ce masa mutane sun fara gajiya da kwaikwayo, da za a samu tsohuwar ta gaske da kaset ya fi tafiya. Da yamma Bashiru ya samu ubansa a bayan rumbu ya gaya masa abin da suka shirya.

Labbo ya daɗe yana sosa wuya. "Ni ba ruwana. Tsakaninka da kakarka ne, ba a shiga. Kada dai ku ji mata ciwo."

Ranar Asabar da hantsi Iya ta ji mota ta tsaya a ƙofar gida. Ta ji takun mutum ya zo bakin ɗakinta, ya yi gyaran murya irin ta Labbo.

"Iya, ki shirya. Ga mota nan, za mu Gusau."

Bashiru ne. Labbo tun asuba yana gona. Amma Iya ba ta da hanyar sani. Ta lalubo ƙasan akwatinta ta ciro zanen saƙi da ta ajiye don ranar da za a lulluɓe makararta, ta ɗaura. Ta sa Asabe ta miƙo mata takalmi. Asabe na toshe baki da gefen kallabi, Iya ta ɗauka kuka take.

"Kada ki damu, ɗiyata. Inno ta ce ba zahi."

Bashiru da abokansa suka sa ta a gidan gaba. Direban ya fita da ita har kan titin Bungudu, ya juyo, ya zaga ta bayan gari, ya sake komawa, kusan awa guda. Bashiru a baya yana canza murya. Da tasa ya ce ga gadar shiga Gusau, da ta ubansa ya ce a rage gudu akwai tsohuwa. Iya tana ta salati, tana riƙe da ƙofa da hannu biyu. A ƙarshe suka tsaya a makarantar firamaren ƙauyensu, wadda ba kowa cikinta ranar Asabar, tafiyar minti biyar daga ɗakinta. Sun riga sun yayyafa maganin wanke ƙasa a aji guda don ya yi warin asibiti.

Likitan wani abokin Bashiru ne, ɗan mai gyaran keke. Ya sa farar rigar da ya aro wurin mahauci, ya rataya tsohon tiyon keke a wuya, yana riƙe da filaya. Ya yi ta zuba wani yare da ba Turanci ba, Bashiru na fassarawa.

"Likita ya ce shekararki nawa?"

"Na ga yunwar da anka ci kwaki."

"Ya ce kina da miji?"

"Ga shi nan yana yi man tahinta, marowaci."

Wani ya fita da gudu don kada ta ji dariyarsa. Iya ta ji wata ƙara siririya kusa da fuskarta, ta tambaya ko allurar ce.

"An daina allura, Iya," in ji Bashiru. "Sabon inji ne daga ƙasar waje. Ki buɗe ido sosai ki kalle shi."

Ta buɗe fararen idanunta iyakar ƙarfinta ta kalli kyamara.

Likitan ya ɗiga mata ruwan randa, ya naɗe mata kai da farin ƙyalle. Ya ce kwana uku cur, kada ta taɓa, kada ruwa ya taɓa, sai Talata bayan la'asar za a kwance. Iya ta lalubi hannunsa ta riƙe ta yi masa addu'a. Sannan ta ce, "Shi yana nan?"

"Ga ni, Iya," in ji Bashiru da muryar ubansa.

Ta juya wajen muryar. Sai ta yi abin da ba ta yi ba cikin shekara hamsin.

"Labbo," ta ce. "Labbo. Allah shi yi maka albarka. Allah shi ba ka mai yi maka kamar yadda ka yi man."

"Amin, Iya," in ji Bashiru.

Kwana ukun nan Iya ba ta taɓa jin daɗi irinsu ba tun da ta makance. Ta bar alwala ta koma taimama don kada ruwa ya kai ga ƙyallen. Ta riƙa kwana a zaune don kada ta danne ido. Ƙaiƙayi ya dame ta, gumi ya jiƙa ƙyallen, ƙuda na bi, ta zauna kan hannuwanta don kada ta sosa. Tana ɓarar gyaɗa tana lissafa abin da za ta fara kallo: bishiyar tsamiyar da ke bayan gida, hannunta, gemun Bashiru. Ta ce wa Asabe in an kwance za ta karɓe mata surfe.

Ran Lahadi Labbo ya zo gaisuwar safe ya gan ta da ƙyalle. Ya tsaya. Ta kau da kai kamar kullum, amma tana murmushi.

"Lahiya lau," ta ce. "An gode."

Ya buɗe baki. A lokacin da sauran kwana biyu, mota kuma na tashi daga Bungudu zuwa Gusau kowane lokaci. Sai ya tuna tun ranar Asabar ba a yi musu a gidan ba, Asabe har ta ƙara masa man shanu a tuwo, Bashiru har ya taya shi ɗaukar dami. Ya ce a ransa in ya faɗa yanzu zai ɓata mata rai a banza, ran Talata ma ai za ta sani. Ya ɗauki laujensa ya fita. Ran Litinin bai zo gaisuwa ba.

Talata bayan la'asar samarin suka dawo da kyamararsu. Maƙwabta suka cika tsakar gida, don labari ya zaga. Aka zaunar da Iya kan turmi. Ta yi bisimilla. Bashiru ya warware ƙyallen a hankali.

Ta buɗe ido. Ta rufe. Ta sake buɗewa. Farin nan yana nan yadda yake.

"Amaryata, yatsu nawa na ɗaga?"

"Tsaya tukuna," ta ce. "Ko sai ya huce." Ta ɗaga hannunta ta kai dab da hancinta. "Wallahi ban bari ruwa ya taɓa ba. Ko gumi ne ya ɓata aikin? Ku tambayi likita, ko laihina ne."

Nan gidan ya fashe. Asabe ta faɗi kan tabarma tana riƙe da ciki. Ɗan mai gyaran keke ya matso ya sake zuba yaren nan nasa, sannan ya koma muryarsa ta gaske ya ce, "Iya, ni ne likitan, ki biya ni da gyaɗa." Bashiru ya yi muryar ubansa ya ce, "Ga mota nan, za mu Gusau," aka sake kecewa.

Iya ta sauke hannunta. Ta zauna ta ji su har suka gama. Sannan ta miƙe ta lalubi igiyarta ta bi. Ko igiyar an mayar da bakinta jikin rumbu. Ta tsaya gaban rumbun, goshinta a jikin ƙasa, har wata maƙwabciya ta ji kunya ta kama hannunta ta kai ta ɗaki.

Ran Alhamis Inno ta zo. Da ta ji abin da aka yi, ta dire ƙwaryarta har nono ya fantsama, ta tsaya tsakar gida ta kira Labbo da sunansa.

"Likitoci sun tashi shekaranjiya! Mota guda ta kwashe su. Kai wane irin ɗa ne?"

"Inno, ban da hannu. Ina gona."

"Ba ka sani ba?"

"Wasa ne na jika da kaka. Tun kakanni haka ake yi."

"Mu ma muna da jikoki a ruga. Wanda ya yi ma makaho haka, ko kare ba ya ci a ƙwaryarshi."

Asabe ta leƙo daga madafa. "Ai ba a ji mata ciwo ba. Mota ma ta sha, ta sha iska. Da can tana gani ne? Mi anka rage mata?"

Daga ranar Iya ta daina amsa wasa. In an zuba mata gishiri a koko ta shanye. In an sa tsakuwa a gyaɗa ta ajiye gefe. Ta daina bin igiya, ta koma rarrafe da hannu a jikin bango, in ba ta kai ba ta yi a inda take. Ta rage ci. Zanen saƙin nan ba ta mayar akwati ba, ta ce a bar shi kusa. Da dariya ta ƙare a gidan, musu ya dawo ya fi na da, Asabe kuma ta ce tsohuwar ce ta ɓata musu gida da baƙin rai.

Bayan wata guda kaset ya fito. An ce a Gusau da Tsafe har layi ake yi a gidajen kallo. Wata Juma'a bayan an sauko, Bashiru ya kawo talabijin da janareta, aka toshe ƙofar zaure da tabarmi don hoto ya fito, maza suka cika har waje. Ɗakin Iya bango guda ne tsakaninsa da zauren. Ta ji salatinta a cikin mota. Ta ji kanta tana tambayar allura. Duk inda ta yi magana zauren ya ɗauka. Sannan ta ji muryarta, a sanyaye, tana kiran suna sau biyu.

"Allah shi ba ka mai yi maka kamar yadda ka yi man."

"Amin!" in ji samarin zauren baki ɗaya, suna tafi. Wani ya ce a mayar da wurin. Aka mayar.

Labbo yana cikin zauren. Bai taɓa jin sunansa a bakin uwarsa ba sai ran nan, daga cikin akwatin talabijin, tana faɗa wa wanda ba shi ba. Ya dubi Bashiru da ke tsaye gefen talabijin yana dariya har da hawaye. Ya tashi ya ratsa mutane ya fita.

Iya ta ji taku ya tsaya a bakin ƙofarta. Sannan aka yi gyaran murya.

"Iya. Ni ne. Na yi kuskure, ki yahe man. An ce akwai asibitin ido a Kaduna da ba su tashi. Gobe in Allah ya kai mu zan samo mota, ni da kaina zan kai ki."

Muryar na rawa. Iya ta karkata kai ta saurara da kyau, kamar mai sauraren tsakuwa cikin gyaɗa.

"Bashiru," ta ce, "ka iya muryar babanka ƙwarai. Har kukan ka iya."

"Iya, wallahi ni ne. Taɓa ni ki jiya."

Ta janye hannunta ta ɓoye cikin zane. Ba ta taɓa fuskarsa ba tun yana goye, ba ta san da me za ta gane ta ba.

"Ku tahi da injinku," ta ce. "Na riga na je Gusau."

Washegari ya kawo motar. Ta ƙi fitowa. Ya kira Inno ta rantse mata, Iya ta ce ita ma Inno ai ana iya muryarta. Liman ya zo, ta gyara lulluɓi ta gaishe shi, ta ce a gai da mutanen zaure. Direba ya jira har azahar ya tafi.

A ƙauyen har yau ba wanda ya kira abin nan zalunci. Ba a doke ta ba, ba a hana ta tuwo ba, ba a kore ta ba. Wasa aka yi. An karɓe mata kwana uku da take da su, an karɓe sunan da ta adana shekara hamsin, an kuma karɓe mata kunne, wanda shi kaɗai ya rage mata na gane mutane. Wanda ya shirya yana Gusau ana nuna shi da yatsa ana murna. Wadda ta toshe baki tana madafa. Wanda ya ce ba ruwansa yana zuwa bakin ƙofa kowace safiya yana cewa shi ne.

Inno ta tambaya a Gusau, ba wanda ya iya gaya mata ko likitocin za su dawo baɗi. Ba a sani ba ko Iya za ta kai lokacin. In ma ta kai, ba a san muryar da za ta yarda da ita ta shiga mota ba.